Alan Turing: Masanin lissafin da ya bi diddigin zanen jikin dabbobi

An haifi Alan Turing a birnin Landan ranar 23 ga watan Yunin 1912, ya kuma yi karatun lissafi a Jami'ar Cambridge.

Duniya ta fi saninsa da aza harsashin ilimin kwamfuta, da kuma rawar da ya taka wajen warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus a lokacin yaƙin duniya na biyu.

To sai dai a ƙarshen rayuwarsa, lokacin yana Jami'ar Manchester, wata tambaya ce dabam ta ɗauke masa hankali: ta yaya ƙwayoyin halitta masu kama da juna ke fitar da siffofi kamar ɗigo-ɗigo da ratsi-ratsi a jikin dabba?

A shekarar 1952 ya wallafa maƙalar da ta ƙunshi amsarsa.

Bisa al'ada, idan aka ɗiga shuni a ruwa, yakan bazu har launin ya zama bai ɗaya. Turing ya nuna ta hanyar lissafi cewa idan sinadarai biyu suna sarrafa juna, ɗaya kuma ya fi ɗaya saurin bazuwa, to suna iya tattaruwa wuri-wuri, zane ya fito da kansa.

A wannan shekarar ce kotu ta same shi da laifin luwaɗi, wanda dokar Birtaniya ta haramta a lokacin, aka kuma yi masa alluran rage sha'awa a madadin ɗauri.

Ya mutu ranar 7 ga watan Yunin 1954 sakamakon guba, yana da shekaru 41. Binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa.

Sai a 1990 ne wasu masana a birnin Bordeaux na Faransa suka ga irin wannan zane ya bayyana a ɗakin gwaje-gwaje, kamar yadda ya yi hasashe.

A 2018 kuma, masu bincike a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin suka yi amfani da wannan dabara wajen ƙera matacin ruwa mai ƙananan tudunnai da ido ba ya iya gani, wanda ke raba gishiri da ruwa cikin sauri fiye da wanda aka saba da shi.

Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013, sannan a 2021 aka fitar da takardar kuɗi ta fam 50 ɗauke da hotonsa.