Paul Robeson: Ɗan ƙwallon Amurka da ya fito a fim kan Najeriya, ya koma yana da-na-sani

Jama'a, yau za mu ɗan ajiye Kannywood mu leƙa Amurka. Mutumin namu ya rasu tun 1976. Duniya ta fi saninsa da waƙa da fim, amma kafin kowa ya ji muryarsa, da cafe ƙwallo ya fara suna, kuma da kuɗin ƙwallon ya yi karatu. Sunansa Paul Robeson.

An haife shi ranar 9 ga Afrilu, 1898, a garin Princeton na jihar New Jersey. Mahaifinsa, William Drew Robeson, a cikin bauta aka haife shi a North Carolina. Ya tsere yana saurayi, ya yi karatu har ya zama limamin coci. Mahaifiyarsa kuwa gobara ce ta yi ajalinta a 1904, Paul bai ko cika shekara shida ba. A 1915 ya ci jarrabawar tallafin karatu ya shiga jami'ar Rutgers, inda ya tarar shi kaɗai ne baƙar fata a cikin ɗalibai.

Bari mu ɗan yi bayanin wasan, don ba irin ƙwallon su Ahmed Musa ba ce. Ƙwallon Amurka doguwa ce kamar gwanda, kuma galibi da hannu ake yin ta. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Wani zai jefa ƙwallo, wani ya ruga ya cafe, ya yi ƙoƙarin kai ta ƙarshen filin abokan hamayya ya ci maki shida, su kuma suna da damar su rungumo shi su maka da ƙasa. Robeson a ƙarshen layi yake tsayawa, wato gurbin da daga baya ya haifar da 'yan gefe masu cafe ƙwallo na yau. Aiki ne mai haɗari, don idonka yana sama kana bin ƙwallo, ba ka ganin wanda ya taho zai buge ka. A zamaninsa ma abin ya fi muni: hular fata ake sawa marar kariyar fuska, kuma mutum ɗaya shi ne a kai hari, shi ne a tsaron gida.

Tun a gwajin shiga ƙungiyar jami'a ya ga tasku. Waɗanda za su zama abokan wasansa ne fa suka taru a kansa, suka karya masa hanci, suka gurɗe masa kafaɗa, don dai ya haƙura ya tafi. Da ya warke sai ya dawo. Mai horarwa, Foster Sanford, ya ga abin da yaron zai iya, ya sa shi a ƙungiya. Duk da haka, a 1916 an ajiye shi a benci ranar wasa da jami'ar Washington and Lee, saboda baƙin sun ce ba za su shiga fili da baƙar fata ba. Shekara na zagayowa, a 1917, aka zaɓe shi cikin gwanayen 'yan wasan jami'o'in Amurka baki ɗaya, aka sake zaɓensa a 1918. Ga ƙwallon kwando, ga guje-guje, ga kuma karatu, don a 1919 shi ne ya yi jawabin bankwana a madadin 'yan ajinsu.

Daga nan ya nufi karatun lauya a jami'ar Columbia da ke New York, kuma aljihu ba nauyi. A daidai lokacin, 1920, aka kafa gasar ƙwararru wadda a 1922 ta koma NFL, gasar da yau ta fi kowace kuɗi a Amurka. Wancan lokacin kuwa ƙaramar harka ce ta ƙananan garuruwan masana'antu. Fritz Pollard, baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a gasar, shi ya jawo Robeson zuwa Akron Pros a 1921, ƙungiyar da ta ɗauki kofin farko a 1920. Ranakun mako yana aji, ƙarshen mako ya bi jirgin ƙasa ya je ya sha duka a fili, ya karɓi kuɗinsa ya biya makaranta.

A 1922 shi da Pollard suka koma Milwaukee Badgers. A nan ya yi wasan da aka fi tunawa da shi, ranar da suka haɗu da Oorang Indians, ƙungiyar shahararren ɗan wasan nan Jim Thorpe. An tashi 13 da nema, kuma sau biyun da aka kai ƙwallo gida duk Robeson ne ya kai. Da kakar ta ƙare ya ajiye ƙwallo. Kaka biyu kacal ya yi a matsayin ƙwararre, ya karɓi shaidar lauya a 1923. Ashe ya fita da wuri ne kafin a rufe ƙofa: daga 1934 zuwa 1945 ba baƙar fata ko ɗaya da ya taka wasa a NFL. Sai a 1946 Kenny Washington da Woody Strode suka sake buɗe hanya, kuma shi ma Strode fim ya koma daga baya, shi ne baƙin jarumin nan na cikin Spartacus.

Aikin lauyan bai yi nisa ba. Wata sakatariya Baturiya ta ƙi rubuta abin da yake faɗa mata saboda launin fatarsa, ya tattara ya bar ofis. Matarsa Eslanda, wadda ya aura a 1921, ita ta yi ta ƙarfafa masa gwiwa kan wasan kwaikwayo da waƙa. Murya gare shi mai kauri kamar daga cikin rijiya take fitowa. A 1928 ya girgiza Landan a wasan Show Boat da waƙar Ol' Man River, a 1930 ya fito a Othello na Shakespeare.

To ga inda labarin ya shafe mu. A 1935 aka saki fim mai suna Sanders of the River, wanda Zoltan Korda ya ba da umarni, an gina shi kan labaran Edgar Wallace, kuma a Najeriya ta zamanin mulkin mallaka aka ce labarin ya faru. Ku tuna, a shekarar nan Anka da Gummi da Bukkuyum duk suna cikin Lardin Sakkwato, ƙarƙashin Razdan da Di'o. Robeson ya fito a matsayin Bosambo, wani basarake. Ɗan Najeriya Orlando Martins yana ciki, haka ma Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci Kenya, ya fito a ɗan ƙaramin gurbi. Robeson ya karɓi aikin ne da zaton za a nuna kiɗa da al'adun Afirka da mutunci, har ya yi ta yabon fim ɗin tun kafin ya fito. Da aka gama yanka da haɗawa, sai ga fim yana kirari ga Bature mai mulki, baƙaƙe kuwa an mai da su yara masu jiran a tsawata musu, Bosambo ya zama yaron Bature mai biyayya. Wallahi abin ya yi masa ciwo. Ya fito fili ya nesanta kansa da fim ɗin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, da fuskarsa da muryarsa aka sayar da shi.

Bayan haka ya riƙa tantance aikin da zai karɓa. A 1937 yana cikin waɗanda suka kafa wata majalisa a Amurka mai goyon bayan 'yancin ƙasashen Afirka. A 1940 ya yi The Proud Valley, kan masu haƙar kwal na yankin Wales a Birtaniya, mutanen da suka ɗauke shi tamkar ɗan uwa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Anka da Bukkuyum a 2010, ba sai an yi mana bayanin rayuwar mai shiga rami ba. Daga 1942 ya daina fim ɗungurungum, saboda irin gurbin da ake ba baƙaƙe.

Siyasa ta ci shi da tsada. Ya kusanci Tarayyar Sobiyet, ya karɓi lambar yabo mai sunan Stalin a 1952, kuma har yau ana sukarsa kan shirun da ya yi game da zaluncin gwamnatin. Amurka ta ƙwace fasfonsa a 1950, aka rufe masa zaurukan waƙa, har wani littafin tarihin ƙwallo ya share sunansa daga jerin gwanayen 1918, ya bar mutum goma maimakon sha ɗaya. A 1957 ta wayar tarho ya yi wa masu haƙar kwal na Wales waƙa daga New York. An mayar masa da fasfo a 1958, amma bayan 'yan shekaru lafiya ta ƙi. Ya rasu a Philadelphia ranar 23 ga Janairu, 1976, yana da shekara 77. Sai a 1995 aka sa sunansa a zauren girmama gwanayen ƙwallon jami'o'i, shekara 19 bayan rasuwarsa.

Ku masu burin fitowa a fim ko shiga situdiyo, ku riƙe wannan. Mutumin da ya karanta lauya, ya jure dukan filin ƙwallo, a ɗakin tace fim aka kayar da shi, don almakashin yana hannun wani. Kafin ka sa hannu a takarda, karanta labarin har ƙarshe, ka tambayi wa zai tace, wa kuma zai mallaki aikin.