Gamji ɗan Rabah: tarihin Sardauna ta idon masu son fim da waƙa

 Yau ba jarumin Kannywood na kawo muku ba, ba kuma mawaƙin situdiyo ba. Tarihin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, za mu duba. Na san wani zai ce, to me ya haɗa Firimiyan Jihar Arewa da shafin nishaɗi? Ka yi haƙuri ka karanta. Gidan rediyon da ya kai muryar Shata da Ɗanƙwairo lungu-lungu, da gidan talabijin da ya raini 'yan wasan kwaikwayonmu na farko, duk a hannun gwamnatinsa aka kafa su. Mu kuma mutanen gabashin Sakkwato, Rabah da Wurno da Goronyo, namu ne na gida, don haka sai ku yi mini uzuri in na ɗan ja zancen.

Daga Rabah zuwa Katsina

An haife shi a garin Rabah ranar 12 ga Yuni, 1910, shekara bakwai kacal bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Mahaifinsa Malam Ibrahim shi ne hakimin Rabah, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, jika ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke nan Wurno, shi kuma ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ka ga gida ne babba. Amma mahaifin ya rasu Ahmadu yana ƙaramin yaro, ya tashi yadda yaran ƙauyen bakin gulbi ke tashi, da makarantar allo da gona da fadama. A lokacin babu madatsar ruwa ta Goronyo, wadda sai 1984 aka gama gina ta a kan gulbin Rima. Abin da damina ta bayar da abin da fadama ta riƙe, shi ne abincin shekara.

Daga makarantar lardi ta Sakkwato ya wuce Kwalejin Katsina, ya gama a 1931, ya dawo Sakkwato yana koyarwa a makarantar Midil. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah yana da shekara 24.

Sarautar da ta kuɓuce masa

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu na cikin masu neman gadon, amma aka ba ɗan uwansa Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 yana mulki. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya riƙa kula da gundumomin gabas. Gusau ta lokacin garin jirgin ƙasa ce, garin gyaɗa da auduga da kantunan Turawa da na Kwara, ga baƙi daga ko'ina. Can ya ga irin rayuwar da babu ita a Rabah.

A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Wallahi in da marubucin fim ne ya tsara wannan, da cewa za mu yi ya cika gishiri: ɗan sarki ya rasa sarauta, an kai shi gaban shari'a, shekara goma sha ɗaya bayan haka kuma ga shi yana riƙe da Arewa gaba ɗaya. A 1949 ya shiga majalisar Kaduna, ya zama jigo a jam'iyyar NPC, ya yi minista daga 1952, a 1954 ya zama Firimiya.

Kuɗi da labarai a zamaninsa

Bari in ɗan tsaya nan, don yawancinmu da naira muka buɗe ido. Kuɗin lokacin fam ne da sule da kwabo. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3, ɗari rabin kwabo, anini kuwa sai ka tara goma kafin su yi kwabo ɗaya. Shi ya sa har gobe in mutum ya ce ba shi da ko sisi ko anini, kowa ya gane. Naira sai ranar 1 ga Janairu, 1973 ta zo, aka canza fam ɗaya a naira biyu. Ga wanda zai ba ku haushi kuma: a shekarun da Sardauna ke Firimiya, fam ɗaya dalar Amurka biyu ce da santi 80.

Me kwabo ke saye? Jarida guda. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, sunanta ma daga farashinta ya samo asali. Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake yi a ƙauyukanmu: in jarida ɗaya ta shigo gari, mai karatun boko zai zauna gindin bishiya bayan la'asar ya karanta da ƙarfi, mutane su kewaye shi, gobe a kai ta ƙauyen gaba har ta yage. Irin wannan ne ya sa gwamnatin Arewa ta dage da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, manya masu gemu suna zama aji suna koyon a, ba, ca.

Majigi da sinima

A daidai wannan lokacin, can Amurka talabijin ke cinye gari. A 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai cika da talabijin ba, amma zuwa 1960 kusan tara cikin goma sun mallaka. Kwalbar Coca-Cola santi biyar, matasa sun haukace a kan Elvis Presley, finafinan kaboyi na su John Wayne na ta fita duniya. Irin waɗannan finafinan suna isowa gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos, waɗanda yawancinsu na Kwara ne, kafin finafinan Indiya irin su Mother India na 1957 su zo su ƙwace zukatan Hausawa, ƙwacen da har yau muna ganin tasirinsa a rawa da waƙar Kannywood.

Sai dai sinima ba ta da suna mai kyau a wajen iyaye, ana ganinta matattarar 'yan iska. Abin ya ƙara muni ranar 13 ga Mayu, 1951, da gobara ta tashi a sinimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Mu mutanen karkara kuwa majigi muka sani. Mota ce ta gwamnati ke zuwa da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, bayan isha'i gari duka ya fito, maza gefe mata gefe, kyauta ba ko anini. A nuna fim kan tsafta ko noman zamani, a nuna Firimiya yana buɗe makaranta ko yana sauka daga jirgin sama da rawaninsa, mai sharhi na fassarawa da lasifika yana ƙara nasa barkwancin. Mutane da yawa a majigi suka fara ganin fuskar Sardauna. Fim ɗin Baban Larai, mai koyar da manoma, daga wannan zamanin ya fito, kuma a sashen fim na gwamnatin Arewa ne Adamu Halilu ya goge, wanda daga baya a 1976 ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Duk mai cewa fim ɗin Hausa da Turmin Danya ya fara a 1990, to na bidiyo yake nufi.

Rediyon Kaduna

Nan ne zuciyar zancena. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Jihar Yamma ta Awolowo ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Jihar Gabas ta bi a 1960. Sardauna ya ga in Arewa ba ta da bakin kanta, wasu ne za su riƙa ba da labarinta. A watan Maris na 1962 gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Talabijin ɗin masu hali ne na birni ke kallo, amma rediyon, da ƙananan akwatuna masu batir suka yawaita, ya shiga ruga da gona da kasuwa.

Ku yi tunanin abin da wannan ya yi wa waƙa. Da can makaɗin fada sai wanda ya je ƙofar fada ke jin sa. Manomin Goronyo zai iya tsufa bai taɓa jin makaɗin Katsina ba. Da rediyo ya zo, Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi da Sarkin Taushin Katsina da Ɗan Maraya Jos suka zama na kowa. Waƙar Mai Dubun Nasara da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna har yau tana yawo a wayoyinmu. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori suka zama abokan hira, kuma daga gidan nan ne daga baya su Kasimu Yero da Samanja suka yi suna. In ka bi salsalar wasan kwaikwayon Hausa na allo, nan za ta kai ka.

Ita ma Amurka ba ta yi nisa ba. A 1960 Louis Armstrong, sarkin busa na kiɗan jaz, ya zo Kaduna, akwai hotonsa tare da Sardauna. A Yulin 1961 Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Shugaba Kennedy. A Kano kuma akwai tashar Amurkawa mai bin sawun kumbo, wadda ta yi aiki lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a Fabrairun 1962.

Ba waƙar yabo kaɗai ba ce

Ba zan ɓoye muku ba, ba kowa ne ya ji daɗin mulkin ba. Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ta tsaya kan cewa sarakuna da En'e na danne talaka, kuma magoya bayanta da dama sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai. Su ma suna da nasu mawaƙan, irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, amma ba su ne rediyon gwamnati ke ɗagawa ba. Wannan darasi ne ga mawaƙanmu na yau masu bin 'yan siyasa: mai riƙe da lasifika shi ke zaɓar wanda za a ji. Duk da haka aikin da ya bari a ƙasa ba ya musuntuwa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, ga masaƙar Kaduna, ga Bankin Arewa, ga jaridar New Nigerian da ta fara fita ranar 1 ga Janairu, 1966.

Mako biyu bayan fitowar jaridar, daren 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka gidansa a Kaduna suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. Yana da shekara 55. A wannan juyin mulkin aka kashe Tafawa Ɓalewa a Legas. Abin takaici, ta rediyon da shi ya kafa Nzeogwu ya yi wa jama'a jawabi ranar. Gidan nasa ne yanzu ake kira Arewa House, hotonsa kuma na kan takardar naira 200 da ke aljihunku.

Abin da ke damuna shi ne waƙoƙi da finafinan wancan zamani a faifai da zare aka ɗauke su, kuma zafi da ƙura da gara ba sa jiran kowa. Abin da ke wayoyinmu ɗan kaɗan ne daga ciki, wani ma an yanke shi, wani an liƙa masa sunan mawaƙin da ba shi ya yi ba. Don Allah duk wanda ke da tsohon kaset ko faifan garmaho a ɗakin kakansa, kada ya bari a zubar. A nemi mai na'ura ya juye shi, a tambayi tsofaffi sunan makaɗin da wanda aka yi wa waƙar tun suna raye, a rubuta a ajiye.

Allah ya jiƙan Gamji, ya jiƙan makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kyautata namu zuwan. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tarihin Ɗanƙwairo za mu ɗauko.