Sarki Muhammadu Dikko da Kundin Baitulmalin Katsina

 

Idan aka ambaci Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne dawakinsa da wasan folo, da tafiyarsa Makka da Ingila, da Kwalejin Katsina. Mu da muke zaune a kudancin ƙasar, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya fi waɗannan taɓa gidajen kakanninmu, ko da yake ba a cika zancensa ba. A zamaninsa ne aka fara rubuta sunan magidanci a kundi, aka auna gonarsa, aka ƙirga shanun Bafulatani, aka kuma ba wanda ya biya haraji takarda ya riƙe a hannunsa.

An haifi Muhammadu Dikko a wajen shekarar 1865, a gidan Durɓi Giɗaɗo, daga zuriyar Sulluɓawa. Sarautar Katsina a wancan lokaci tana hannun Dallazawa, jikokin Malam Ummarun Dallaji wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu. Sulluɓawa manyan hakimai ne a ƙarƙashinsu, kuma Dikko ya hau sarautar Durɓi yana saurayi, a lokacin da Katsinawan Maraɗi ba su daina kawo hari ba. Ya tashi a kan doki, ya san yaƙi, ya kuma san yadda ake tara kuɗin ƙasa a miƙa wa sarki, ya san abin da ke zubewa a hanya kafin ya isa birni.

Turawa sun shiga Katsina a 1903. Ba su daɗe ba suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a kusa da Sakkwato. Baturen mulki da ke Katsina a lokacin, Richmond Palmer, ya riga ya gane cewa Durɓi Dikko shi ne hakimin da ke zartar da abin da aka sa shi cikin hanzari, saboda haka ya tsaya masa har aka ba shi sarauta, aka miƙa masa sanda a farkon 1907. Ba mu ga amfanin ɓoye wannan ba. Dikko bai gaji gadon Katsina daga uba ko kaka ba, Bature ne ya ɗora shi, kuma Dallazawa sun rasa abin da suka riƙe shekara ɗari. Wanda zai auna Dikko da adalci dole ya fara daga nan, domin dukan abin da ya gina daga baya a cikin wannan ƙangin ya gina shi.

Kafin zuwansa ƙasar ba ta rasa rubutu ba. Wasiƙu suna kai-komo tsakanin Sakkwato da Katsina cikin Larabci, ɗauke da hatimi, kuma alƙalai suna da malamai masu taimaka musu. Littattafan da malamanmu ke karantarwa sun daɗe da yin bayanin wannan fage. Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah ya yarda da shi, shi ne ya kafa diwani a Madina, aka rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali kabila-kabila, kowa da rabonsa. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya mayar da kundayen haraji na Sham da Iraƙi zuwa Larabci bayan sun daɗe ana rubuta su da harshen Rumawa da na Farisa. Imam Mawardi ya ware babi guda a cikin Ahkamus Sulɗaniyya a kan diwani da rabe-rabensa. Shaihu Magili, wanda ya zauna Kano ya kuma zo Katsina, ya lissafa marubuta da masu ƙididdiga cikin ma'aikatan da sarki ba ya wadatuwa da barinsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, saboda Ummarun Dallaji ya rubuta Usulus Siyasa. Ilimin yana nan a littafi. Abin da ya yi rauni a ƙarshen ƙarni na goma sha tara shi ne aiki da shi a harkar kuɗi: hakimi yana zaune a birni, jakadansa ne ke zagaya garuruwa, kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi da na shuke suna bin hannuwa da yawa, kowane hannu yana ɗebe nasa, kuma babu kundi guda da za a buɗe a ga abin da aka karɓa daga wane gari da abin da ya iso.

A nan ne aikin Dikko ya fara. A Katsina aka soma gwada tsarin da Turawa suka kira da sunansa na Larabci, baitulmali, kafin a yaɗa shi zuwa sauran masarautun Arewa a wajen 1911. Palmer ne ya kawo shawarar, amma shawara irin wannan ba ta tsayawa sai sarki ya yarda ya yanke wa kansa hannu, domin ma'anarta ita ce kason da sarki ke karɓa daga haraji ya daina zama nasa. Kuɗin zai shiga taska guda, sarki ya koma ɗaukar albashi kamar hakimansa da alƙalansa da dogarawansa, sauran kuma a kashe a kan hanyoyi da rijiyoyi da makarantu da asibiti bisa kasafin da aka rubuta tun farkon shekara. Dikko ya yarda. Mai riƙe da taskar a Katsina shi ne Mutawalli, sarautar da daga baya ta yi suna a gidan 'Yar'aduwa.

Baitulmali ba ya tafiya sai da takarda, kuma takardar ba iri ɗaya ba ce. Akwai kundin haraji, wanda ya bi tsarin ƙasar kanta: gunduma, sannan garin dagaci, sannan unguwa, sannan sunan magidanci da abin da aka yanka masa. Akwai kundin jangali, wanda ake cikawa da damina lokacin da makiyaya suka zauna wuri guda. Akwai littafin kuɗin shiga da na fita a ofishin Mutawalli, inda kowane sule yake da kan da aka ajiye shi a ƙarƙashinsa. Akwai kundin kotu. Akwai kuma wasiƙun da ke tsakanin fada da hakimai, waɗanda magatakarda ke kula da su. Rarraba su haka yana da dalili. Idan jimillar da ke kundin dagaci ba ta yi daidai da ta hakimi ba, ko ta hakimi ta saɓa wa abin da Mutawalli ya rubuta ya karɓa, to an san matakin da kuɗin ya ɓace, an kuma san wanda za a kira. Rasidin da ke hannun talaka shi ne shaida ta ƙarshe, kuma shi ne kariyarsa idan aka dawo masa karo na biyu a shekara guda.

Domin wannan ya yiwu, sai da aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya koma ya zauna cikin ƙasarsa, aka kuma haɗa garuruwan da ke warwatse suka zama gunduma mai iyaka. Galadima ya zauna Malumfashi, Makama a Bakori, Sarkin Fawwa a Ƙanƙara, Sarkin Maska kuwa mazauninsa ya koma Funtuwa, garin da ya bunƙasa da auduga da kuma jirgin ƙasa da ya iso daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920. Kowane hakimi aka haɗa shi da malamin da zai riƙe masa littafi. Malaman taki suka shiga gonaki suna auna tsawo da faɗi da ƙafa, suna rubutawa. Da farko da Larabci da ajami ake yin mafi yawan aikin, sannan boko ya riƙa shigowa ta hannun ɗaliban makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909. Ɗaya daga cikin waɗannan ɗalibai shi ne Malam Muhammadu Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya zama Walin Katsina, kuma shi ne ya rubuta tarihin Dikko bayan rasuwarsa.

Sashen da ya fi jan hankalinmu shi ne na kotu. A da, alƙali yana rayuwa ne da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na gadon da ya raba ko bashin da ya ƙwato wa mai shi, da abin da ya samu na tara. Ba ma zargin alƙalan wancan zamani da cin amana, akwai masu tsoron Allah a cikinsu da yawa. Sai dai duk mai hankali ya san haɗarin da ke cikin tsarin da abincin alƙali ya dogara da girman dukiyar mamaci. Da aka sa alƙali a kan albashi, ushira da tara suka koma baitulmali, aka kuma wajabta wa muhuti ya rubuta kowace shari'a a kundi: mai ƙara, wanda ake ƙara, shaidu, hukunci, da kuɗin da aka karɓa. Wanda yake son ganin yadda irin wannan kundi yake, to na majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 ya tsira, har wani masani Ba'amurke, Allan Christelow, ya fassara wasu daga cikin shari'o'insa zuwa Turanci. A cikinsa akwai rigingimun 'yantar da bayi, da kuma na gona da na gado irin waɗanda har gobe ake kawo wa limamai bayan sallar asuba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, ta kuma ɗora wa marubuci nauyin adalci. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ke haddace wannan aya sai da baƙo ya zo kafin ta shimfiɗa ta a kan harkar kuɗin hukuma.

Amma kundin nan yana da fuska ta biyu, kuma talakan kudancin Katsina ya gan ta. Da farko rabin harajin da aka tara gwamnatin Turawa ke ɗauka. Lissafin da ya hana jakada cin kuɗi shi ne kuma ya hana magidanci ɓuya. An daina karɓar wuri, sai kuɗin Bature, kuma hanyar samun kuɗin Bature a Funtuwa da Malumfashi da Bakori ita ce a noma auduga a kai kasuwar da kamfani ke yanka farashi. Da farashin amfanin gona ya faɗi a farkon shekarun 1930, adadin da ke rubuce a kundi bai sauko da saurin da kasuwa ta sauko ba, mutane suka sayar da awaki da hatsin ci domin su biya. Malamin taki ma ɗan Adam ne, takunsa yana iya tsawo a gonar mai hannu da shuni ya gajarta a gonar marar gata. Dagacin da kuɗinsa bai cika ba rawaninsa ne a kan siraɗi, shi kuma sai ya matsa wa na ƙasa da shi. Dikko ya san wannan, domin ya yi hakimci kafin ya yi sarauta, kuma an san shi da tsanani a kan hakimai. A ganinmu ya rage zaluncin da ba shi da ƙa'ida, amma nauyin da ke da ƙa'ida ba shi da ikon sauke shi, tun da ba shi ne ya ɗora shi ba.

Daga wannan taska aka samu abin da aka yi ayyukan da ake yaba masa. A 1921 ya tafi aikin hajji ta hanyar Ingila, inda ya gana da Sarki Joji na Biyar, ya zama na farko cikin sarakunan Arewa da ya yi wannan tafiya yana bisa gado. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Ya buɗe ajin 'yan mata a cikin gidansa a lokacin da sarakuna da yawa ke ɗari-ɗari da hakan. A 1934 Katsina ta zama lardi mai zaman kansa, bayan ta zauna ƙarƙashin Kano sannan Zariya. Ya rasu a 1944, bayan shekara 37 da karɓar sanda, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah ya gafarta masa.

Tsarin En'e da ya gina ya ci gaba bayansa har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali baki ɗaya. Takardun da suka bi ta ofishin Razdan an kwashe da yawa daga cikinsu zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda aka jera na lardin Katsina a rukuni guda, kowane fayil da lambarsa, kuma ɗalibai daga Jami'ar Ahmadu Bello suna zuwa su karanta rahoton kimanta harajin gundumar Maska ko ta Galadima. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne na ƙasa: kundin dagaci, da littafin muhuti, da takardar iyakar gona da alƙali ya sa wa hatimi. Irin waɗannan a cikin adaka suke a gidajen jikoki, ko a ɗakin ajiyar tsohuwar kotu, inda gara da yoyon damina ke aikinsu. Kowace shekara idan ruwa ya kusa sauka, 'yan'uwa na jini suna tsayawa gaban alƙali a Funtuwa da Malumfashi a kan gonar da kakansu ya bari, dattawan da suka san iyakar sun ƙare, kuma sau da yawa takardar da za ta raba gardamar an rubuta ta tun zamanin Dikko. Duk gidan sarauta ko gidan malamai da ke da irin wannan adaka, hukumar tarihi da al'adu ta jiha tana Katsina, kuma ɗaukar hoton kundi guda da wayar hannu, shafi bayan shafi, ba ya cin yini biyu.