Rozeta Tarp, matar da ta riga maza kiɗan rok

Ya kai mai karatu, ko ke mai karatu, in ka kunna rediyo ka ji kiɗan nan na ƙasashen waje mai ƙara, wanda gitar ke kuka cikinsa kamar za ta tsage, to shi ne ake ce ma rok. In ka tambayi samari wa ya fara shi, sunayen maza za su jera maka. Amma kafin waɗannan maza akwai wata mace, baƙar fata. A takarda ana rubuta sunanta Rosetta Tharpe. Mu za mu rubuta Rozeta Tarp, yadda baki ke faɗinsa. Ga labarinta.

An haife ta ran 20 ga watan Maris na 1915, a wani ƙaramin gari na jihar Akansas, kudancin Amurka. Sunan garin da Ingilishi yana nufin itacen auduga, kuma cirar auduga ce aikin iyayenta. A Amurka an hana bauta a 1865. Ɗauki alli ka cire 1865 daga 1915. Saura 50. Shekara 50 kaɗai ke nan tsakanin ƙarshen bauta da haifuwar wannan ɗiya. Tsofaffin da aka haifa cikin bauta suna nan da ransu sa'ad da take rarrafe.

Uwarta, Keti Bel Nubin, Kirista ce mai wa'azi. Tana waƙa, tana kaɗa wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira mandolin. Cocinsu ya sha bamban da sauran. Ana ibada da kiɗa da tafi da rawa, kuma ana barin mata su tashi su yi waƙa, su koyar. A nan Rozeta ta buɗe ido. Tana da shekara shida ta riga ta iya tsayawa gaban jama'a da gitar, ga ta ƴar mitsitsiya, gitar ta kusa fin ta girma.

Lokacin nan baƙar fata da yawa suna barin gonakin kudu, suna tafiya biranen arewa neman aiki da sauƙin wulaƙanci. Uwa da ɗiya su ma suka ƙaura zuwa Shikago. Daga can suke fita yawon wa'azi, gari zuwa gari. Uwa ta yi wa'azi, ɗiya ta yi kiɗa. Wannan yawo shi ne lakwal ɗinta ta gitar.

Mata masu waƙa suna da yawa. Abin da ya raba Rozeta da su hannunta ne. Yawancin masu gitar na coci shafa tsirkiyoyi suke yi gaba ɗaya, don raka murya. Ita kuwa tana tsinke su ɗaya ɗaya, da sauri, har gitar ta yi kamar tana amsa mata amshi. In ka taɓa jin gwanin gurmi yana sa gurminsa magana, ka gane abin da nake nufi.

A 1934, tana da shekara 19, ta auri wani mai wa'azi, Tomas Torp. Auren bai yi daɗi ba, bai kuma daɗe ba. A 1938 ta bar shi, ta tafi Niyok tare da uwarta. Sunansa kaɗai ta riƙe, shi ma ta ɗan sake shi ya zama Tarp. A cocinsu ana kiran mace ƴar uwa, wato Sista. Shi ya sa duniya ta san ta da Sista Rozeta Tarp.

A watan Oktoba na 1938 kamfanin faifai na Decca ya ɗauki waƙoƙinta guda huɗu. Faifan zamanin na garmaho ne, waƙa guda kowane gefe, kamar minti uku. Faya-fayan suka samu kasuwa. Cikin shekarar nan ta yi wasa a wani sanannen gidan rawa na dare da ake kira Cotton Club, ta kuma yi a babban zauren Carnegie Hall. Yarinyar gonar auduga ke nan, tana da shekara 23.

To, a nan ne rigima ta taso. Mutanen coci suka ce waƙar ibada ba ta gidan rawa ba ce. Yaya za a ambaci sunan Allah inda ake shan giya? Da ta shiga ƙungiyar makaɗa ta Laki Milinda a 1941, har waƙoƙin duniya ta yi, na soyayya da nishaɗi, abin ya ƙara ɓata masu rai. Wasu suka juya mata baya. Kada ka yi saurin ganin laifinsu, mai karatu, don abin da suke girmamawa ne suke karewa. Ita kuma tana ganin wanda ke gidan rawa ya fi wanda ke coci bukatar jin waƙar. Ga kuma cin abinci: waƙa ce sana'arta, uwarta tana wuyanta. Daga baya ta koma ga waƙoƙin ibada, amma irin kiɗanta ba ta bar shi ba. Har ƙarshen rayuwarta tana tsakanin gida biyu, kowane yana ganin ta fi karkata ga ɗayan.

Sannan gitar mai kuran ta shigo hannunta. Ga yadda take aiki. Ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe akwai ɗan maganaɗisu da aka naɗe da waya. In tsirkiya ta girgiza, sai ɗan kuran ya bi waya zuwa wani akwati, akwatin ya ƙara masa ƙarfi ya fitar da shi da ƙara. Da wannan, gitar guda tana iya cika filin wasa. Rozeta tana cikin na farko da suka ƙware da ita. Tana kiɗa tana juyi, tana ɗaga gitar, tana dariya da jama'a, ga ta cikin doguwar riga ta mutunci.

A 1944 ta yi wani faifai da mai fiyano Sami Firais, waƙa kan abubuwan mamaki da ke faruwa kullum. A 1945 waƙar ta kai ta biyu cikin jerin faya-fayan baƙar fata da aka fi so a ƙasar. Masana kiɗa da yawa suna lissafa ta cikin faya-fayan rok na farko. Riƙe wannan shekara. Elbis Firesli, wanda ake ce ma sarkin rok, bai fitar da faifansa na farko ba sai 1954.

Daga 1946 ta haɗa kai da wata mawaƙiya, Mari Nait. Mata biyu, gitar da fiyano, suna yawon ƙasa. Amma suna ba ya kare mutum daga dokar kudu ta lokacin. Baƙar fata ba ya kwana masaukin Turawa, ba ya zama gidan abincinsu. Mutane su biya kuɗɗi su saurare ta da dare, in an tashi ta rasa ɗakin kwana. Sai ta samu babbar mota, aka rubuta sunanta a jiki, aka gyara cikinta ta zama wurin sa tufafi da wurin barci.

A 1947, a garin Mekon, ta ji wani yaro ɗan shekara 14 yana rera waƙoƙinta kafin a fara wasa. Lemun kwalba yake saidawa a zauren. Ta kira shi ya yi waƙa gaban jama'a, ta kuma biya shi. Yaron nan shi ne ya zama Litil Ricad, ɗaya daga cikin manyan rok na duniya. Wani babban mawaƙin, Joni Kash, ya faɗa a 1992 cewa ita ce mawaƙiyar da ya fi so yana yaro.

Bikin aurenta na uku kuwa, ba ka taɓa jin irinsa ba. Ran 3 ga Yuli na 1951 aka ɗaura shi, a filin wasa na birnin Washinton. Mutum sama da dubu 20 suka biya kuɗɗin shiga. Da aka gama, amarya ta rataya gitar bisa rigar aure ta yi masu wasa. Aka ɗauki bikin a faifai aka saida. Angon, Rasel Morison, shi ne ya riƙa kula da harkokin wasanta.

Bayan nan kasuwarta ta fara ja da baya. Rok ya zama abin yayi, kamfanoni suna neman samari, musamman farare. Ita ga ta mace, baƙa, ta kai shekara 40, waƙarta ta ibada. A ganina waɗannan su ne suka sa aka tsallake sunanta, don hannunta bai mutu ba. Turai ce ta tabbatar da haka. A 1957 ta zagaya Ingila, aka karɓe ta hannu biyu. A watan Mayu na 1964 wani gidan talabijin ya shirya wasa a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Mancesta. Makaɗa a wannan gefen dogo, masu kallo a wancan. Aka tsuge da ruwa. Ta sauko daga keken doki cikin babban kwat da takalmi mai tsini, ta ɗauki farar gitarta mai kuran, ta yi waƙar ruwan zamanin Annabi Nuhu, ƙasa jiƙe sharkaf ƙarƙashin ƙafafunta. Tana da shekara 49. Hoton wasan yana nan a intanet. In akwai mai babbar salula kusa da kai, ka roƙe shi ya nuna maka, ka dubi yatsunta.

Uwarta ta rasu a 1968. Ita kanta ciwon sukari ya kama ta. A 1970 ta samu shanyewar jiki, sannan likitoci suka yanke mata ƙafa guda saboda ciwon. Duk da haka ta sake komawa ga waƙa. Ran 9 ga Oktoba na 1973 ta rasu a Filadalfiya, tana da shekara 58, ana cikin shirin ɗaukar sababbin waƙoƙinta. Mari Nait, tsohuwar abokiyar tafiyarta, ita ta gyara mata gashi da fuska kafin a kai ta.

A can al'adarsu ce a kafa dutse bisa kabari a rubuta sunan mamaci. Kabarin Rozeta ya yi sama da shekara 30 ba dutse, ba suna. Matar da mutum dubu 20 suka zo bikinta!

Sannu a hankali aka dawo gare ta. A 1998 gidan waya na Amurka ya buga tambur da hotonta. A 2007 wata malamar jami'a, Gel Wald, ta fitar da littafin tarihinta. A 2008 masoyanta suka shirya wasa, suka tara kuɗɗin dutsen kabari. A birnin Kilibland akwai gidan da ake girmama manyan rok. An sa Elbis da Litil Ricad cikinsa tun 1986. Sunan Rozeta ya shiga a 2018, shekara 45 bayan rasuwarta.