Marietta Blau: masaniyar da gudun hijira ya raba da sakamakon aikinta

A ranar 27 ga Janairun 1970, Marietta Blau ta rasu a Viyana, babban birnin Ostiriya, bayan fama da cutar daji. Kaɗan ne suka san sunanta a lokacin, duk da cewa ita ce ta share fagen wata dabara da ta kai wani masanin ga kyautar Nobel.

An haife ta a 1894 cikin iyalin Yahudawa, ta samu digirin digirgir a fannin fiziks a 1919. Daga 1923 ta yi shekaru 15 tana aiki a Cibiyar Binciken Radiyom ta Viyana ba tare da albashi ba, danginta ke ɗaukar nauyinta.

A can ta gyara farantan hoto ta yadda ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani za su bar sawu a kansu idan sun ratsa. A 1937, ita da ɗalibarta Hertha Wambacher suka ajiye farantai na tsawon watanni a kan dutsen Hafelekar, mai tsayin mita 2,300. Da aka wanke su, sai ga layuka sun fantsama daga ɗigo ɗaya kamar tauraro: shaidar cewa ƙwayoyi masu saukowa daga sararin samaniya na tarwatsa cibiyar atom.

Shekara ɗaya bayan haka, Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya. Blau ta tsira zuwa Oslo, sannan Albert Einstein ya taimaka mata ta samu aikin koyarwa a birnin Meziko, inda darussa suka yi mata yawa, kayan bincike kuwa babu isassu. A 1944 ta koma Amurka, ta yi aiki a Jami'ar Columbia da cibiyar Brookhaven, ta kuma koyar a Jami'ar Miami daga 1956.

Kafin ta sake samun gindin zama, Cecil Powell na Ingila ya bunƙasa dabarar, ya gano ƙwayar pion a 1947, ya karɓi Nobel a 1950. Erwin Schrödinger ya gabatar da sunan Blau ga kwamitin, amma ba a ba ta ba.

Ta dawo Viyana a 1960, cibiyarta ta dā, kuma dai babu albashi. Ta ci gaba da jagorantar ɗalibai masu nazarin farantan cibiyar CERN har lafiyarta ta gaza.