Labarin Falconer, Baturen Duwatsu

A cikin Turawan da suka shigo ƙasarmu bayan yaƙin Kano da na Sakkwato akwai wani wanda makaminsa 'yar guduma ce da jakar zuba tsakuwa. Sunansa John Falconer. An haife shi a 1876 a Midlothian ta ƙasar Sikotlan, wurin da a wancan zamani mutane da yawa ke cin abinci da haƙar kwal, watau gawayin ƙasa. Ya koyi ilmin duwatsu, har ya yi aiki a ƙarƙashin Shaihun Malami James Geikie a Jami'ar Edinbara.

A 1904, zamanin Gwamna Lugga, aka ɗora shi bisa aikin binciken ma'adinan Nijeriya ta Arewa. Abin da gwamnati ke so a fili yake: a gano abin da ke binne wanda zai kawo kuɗi, da kwal ɗin da jiragen ƙasa da na ruwa za su ci. Ya yi shekara biyar yana ratsa ƙasa bisa doki, 'yan alaro na biye da akwatunan duwatsu a ka. Sunansa ya shiga littattafai, nasu kuwa bai shiga ba, ko da yake su ne suka san hanya da mashaya.

Kwal dai a Kudu aka dace da shi. A 1909 masu binciken can suka same shi a Udi, kusa da inda Inugu take, a 1916 kuma hanyar jirgi daga Fatakwal ta iso wurin. Rabon Falconer ya faɗo a kan kuza. Shi ne ya fara rarrabe duwatsun Arewa masu ƙyalli kashi biyu, tsofaffi da na baya-baya, ya nuna cewa kuzar Jos tare da na baya-bayan take. Har yanzu masana na aiki da wannan rabo nasa. Ya zuba abin da ya gani a littattafai biyu a 1911, ɗaya na ilmin ƙasa, ɗaya na labarin tafiya. Kuzar nan ta arzuta kamfanonin Ingila ƙwarai. Mu kuwa ba mu manta da aikin tilas na 1942 zuwa 1944 ba, sa'ad da aka kwashi talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa.

To, mu mutanen Gulbin Kabi, ina ruwanmu da shi? Ga inda ruwanmu yake. Falconer yana cikin na farkon da suka bayyana yadda ƙasar Lardin Sakkwato take shimfiɗe hawa-hawa, rairayi bisa yumɓu, yumɓu bisa farar ƙasa, a cikin farar ƙasar kuma ga ɓawon halittun teku, shaidar cewa bahar ya taɓa kwanciya inda muke noman gero yanzu. Bayan ya koyar a Jami'ar Gilasgo ya komo Nijeriya, ya zama shugaban farko na ma'aikatar binciken ƙasa da aka kafa a 1919. Waɗanda suka gaje shi suka bi sawunsa, suka sa wa shimfiɗar sama ta yankinmu sunan Gwandu. Akwai ɗan kwal mai laushi a cikinta, siriri, wanda bai isa a kafa masa ma'aikata ba. Amma akwai rairayi mai cike da ruwa, yumɓu ya danne shi kamar murfin tukunya. Da aka huda murfin nan da burtsatse a shekarun 1960, a kwarin da ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, sai ruwa ya taso da kansa har bisa ƙasa, ba guga ba igiya. Farar ƙasar nan kuwa ita aka shiga toyawa a Kalambaina ana yin siminti.

Falconer bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya bar aikin Nijeriya a 1927, ya tafi Urugwai ta Amurka ta Kudu, ya yi wa gwamnatinsu irin wannan aiki 'yan shekaru, sa'an nan ya koma Ingila. Ya rasu a 1947, yana da shekara saba'in.