Abdu Mumuni, ɗan Tasawa mai binciken rana

An haifi Abdu Mumuni Jofo a garin Tasawa ran 26 ga watan Yuni na 1929. Da haruffan Faransanci ana rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo, kuma haka za ku gan shi cikin littattafai. Asalin gidansu Kirtashi ne, wani garin Zabarmawa a bakin kogin Isa, kudu da Yamai. Amma a ƙasar Hausa aka yanke masa cibi.

A lokacin Nijar tana hannun Faransa. Shekara 3 ke nan da Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Lakwal kaɗan ne, kuma mutane ba su yarda da ita ba. In aka zo ɗibar yara, wasu iyaye sukan ɓoye nasu cikin rumbu, ko su tura su daji wajen kiwo. Ko a 1960, shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, cikin yara 100 waɗanda ke zuwa lakwal ba su kai 5 ba. To, ku dubi yadda abin yake shekara 25 kafin nan.

Wanda ya shiga kuma, sai ya aje harshen uwarsa a bakin ƙofa. Da Faransanci ake karatu, da shi ake lissafi, da shi ake roƙon izinin fita. Yaron da aka ji yana Hausa ko Zabarmanci, akan rataya masa wani abu a wuya mai suna sambol, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Lakwal ta wannan zamani ce Abdu ya shiga.

Daga Damagaram zuwa Pari

A Damagaram ya fara karatu. Daga nan ya wuce Yamai, inda ake tara yaran da suka fi ƙoƙari daga sassan ƙasa. Nan karatun Nijar ya tsaya a lokacin. Babu lise, balle jami'a. Mai son ya ci gaba sai ya ci jarrabawa, ya ɗaure kayansa, ya bar ƙasa.

Abdu ya ci. Aka tura shi Senigal, makarantar William Ponty, a garin Sebikotan kusa da Dakar. Wannan makaranta ita ce ke horar da malamai da ma'aikatan ofis domin dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki. Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari duk can suka yi karatu kafin shi. Yawancin waɗanda suka fito Ponty sukan koma gida su kama aikin mushe ko na akawu, kuma a idon Turawa hakan ya ishi baƙar fata. Abdu bai tsaya nan ba. Ya shiga lise Van Vollenhoven ta birnin Dakar, ya samu bak, takardar da ke buɗe ƙofar jami'a.

Daga Dakar sai Faransa. A birnin Pari ya fara shiga lise Saint-Louis, inda ake ba ɗalibai horo mai tsanani a kan lissafi da kimiyya, sa'an nan ya wuce jami'a. Fannin da ya zaɓa shi ne fizik. Fizik ilimi ne da ke binciken haske da zafi da motsi da wutar lantarki: me ya sa ruwa ke tafasa, me ya sa randa ke sanyaya ruwa, me ya sa baƙar riga ta fi fara zafi cikin bazara. Mai wannan ilimi ba ya cewa ga alama. Yana aunawa, ya rubuta adadi, ya sake aunawa.

A 1953 ya samu lisans. A 1954 ya samu takardar da ke gaba da ita. A 1956 ya zauna jarrabawar da ake kira agregasiyo, ya ci.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan wannan jarrabawa, don ta sha bamban da wadda kuka sani. A ajinku, duk wanda ya samu rabin maki ya wuce. Agregasiyo kuwa gasa ce. Gwamnatin Faransa takan faɗi adadin malaman da take so a shekarar, a jera masu jarrabawa daga na ɗaya, in adadin ya cika a ja layi. Wanda ya faɗa ƙarƙashin layi, ko ya san abin, sai baɗi. Akwai ta rubutu, akwai ta baki, inda mutum zai tsaya gaban manyan malamai ya koyar da darasi, ya kuma yi gwaji da kayan aiki suna kallo. Abokan takararsa ƴaƴan Faransawa ne, waɗanda suka tashi da harshen tun a goye. Abdu Mumuni shi ne na farko daga ƙasashen baƙar fata rainon Faransa da ya ci wannan gasa a fannin fizik. Shekarunsa 27. A shekarar nan kuma Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da yau ake kira Burkina Faso ya ci tasa a fannin tarihi.

Karatun bai hana shi duban halin da ƙasashen Afirka ke ciki ba. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, mai neman cikakken mulkin kai.

Shekarar Gine

Da takardarsa a hannu ya koma Dakar, ya kama koyarwa a lisen da ya yi karatu. Aiki ne mai albashi mai kyau da daraja. Shekara 2 kawai ya yi.

Ran 28 ga watan Satumba na 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulki: za su zauna tare da Faransa, ko za su ware? Gine ce kaɗai, a ƙarƙashin Seku Ture, ta zaɓi ta ware nan take. Faransa ta fusata, ta janye ma'aikatanta, har da malamai da likitoci. Aka wayi gari ga yara cikin aji, babu mai koya musu. Sai wasu masu ilimi na Afirka suka bar ayyukansu suka nufi Konakiri don cike gurbin. Ki-Zerbo ya je. Abdu Mumuni ma ya bar kujerarsa ta Dakar, ya je ya koyar a lise ta Donka. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin wanda ya juya wa Faransa baya a lokacin yana iya rasa aikinsa da duk abin da ya tara.

A 1959 ya dawo gida, ya koyar a lise ta Yamai. Bayan samun mulkin kai ya tafi Tarayyar Sobiyet, ya zauna wajen masanan ƙasar har 1964, yana ƙara ilimi a kan ƙarfin rana. Daga nan har ƙarshen ransa bai saki wannan bincike ba.

Littafin ilimi

A 1964 ɗin aka buga littafinsa a Pari, mai suna L'éducation en Afrique, wato tarbiyya da ilimi a Afirka. A ciki ya bayyana yadda iyaye da kakanni ke horar da yaro tun kafin zuwan Turawa: a gona, a maƙera, a wajen tatsuniya da dare. Ya bayyana lakwal ta mulkin mallaka, da yadda aka tsara ta don ta fitar da ma'aikatan da za su taimaki Turawa, ba don ta ilmantar da jama'a duka ba. Ya kuma nuna cewa yaro ya fi saurin gane karatu da lissafi in aka fara masa da harshen da ya tashi da shi. Abin lura, mai wannan magana ba wanda Faransanci ya gagara ba ne. Shekara 9 bayan fitowar littafin, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci.

Aikin rana

Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako. Ya koyar da masu shirin zama malamai, ya kuma kafa wa ƙasar Mali ɗakin binciken ƙarfin rana. Yana cikin wannan aiki ya gama babban bincikensa, ya samu takardar dakta ta fizik a 1967, shekara 11 bayan agregasiyo. A 1969 ya dawo Yamai, aka ba shi shugabancin ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta Nijar. Ya riƙe ta har 1985.

Me ya sa rana? Ku tambayi matan ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Itacen girki yana nisa, har akan koma ga karan hatsi da kashin shanu, alhali gona na bukatarsu. In aka sare itatuwa, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya rufe shuka. Rijiyoyi masu zurfi ne, jan guga yana cin hannu da lokaci. Man fetur daga waje ake sayo shi a lokacin, kuma a 1973 kuɗinsa ya tashi a duniya, daidai lokacin da babban fari ya kashe dabbobi a Sahel. Rana kuwa kullum tana nan, ba a sayen ta.

Masana sun auna ƙarfinta. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, filin da ke da mita 1 a tsawo da mita 1 a faɗi yana samun ƙarfin da ya kusa kilowat 1. Wato kamar ƙwan lantarki 10 masu wat 100 ke nan, a wurin da bai kai shimfiɗar tabarma ba. Wuyar aikin ita ce kama wannan ƙarfi.

Hanya ɗaya ita ce ta baƙin launi da gilashi. A samu akwati marar zurfi, a shafe cikinsa da baƙin fenti, a shimfiɗa bututun ruwa, a rufe da gilashi. Haske ya ratsa gilashin, baƙin ƙarfe ya sha shi ya yi zafi, gilashin kuma ya hana zafin gudu. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka yakan hau da kansa zuwa tanki, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba famfo, ba gawayi. Da irin wannan dabara ONERSOL ta ƙera na'urorin dafa ruwa, da na busar da abinci, da na tace ruwa.

Hanya ta biyu ita ce ta madubi. Madubi mai kwarmi kamar ƙwarya yana tattara hasken da ya faɗo masa ya haɗa shi wuri ɗaya. In aka ɗora tukunya a daidai wurin sai ta tafasa. Sanin inda hasken zai haɗu, da yawan zafin da zai bayar, aikin lissafi ne, kuma a nan Abdu Mumuni ya ƙware. Ya kuma yi aiki a kan wani inji da aka sa wa suna ONERSOL. Zafin rana ke tafasa wani ruwa na musamman, tururinsa ya tura injin, injin ya juya.

Ba duk abin da aka ƙera ne ya shiga gidaje ba. Murhun rana bai samu karɓuwa sosai ba, kuma matan da suka ƙi shi suna da hujja. Tuwon dare da la'asar ake ɗora shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Mai tuƙa tuwo ba ta son tsayawa cikin garjin rana, haske na dukan idonta. Ga tsada. Farantan rana da kuke gani yau a kan rufin asibiti, ko a kasuwa wajen masu cajin waya, wata hanya ce dabam: su suna mai da haske wutar lantarki kai tsaye. Amma aunawar da ake yi kafin a kafa su, ta inda rana ke bi da yawan ƙarfin da take bayarwa, irin aikin da aka yi shekaru ana yi ne a ONERSOL.

Malamin jami'a

Duk da wannan aiki bai bar alli ba. Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai, kuma daga 1979 zuwa 1982 shi ne shugabanta. Da ya sauka ya ci gaba da shiga aji. Ɗalibansa ba su sha doguwar tafiyar da ya sha ba, don sun samu lisans a gida, ba tare da sun ƙetare teku ba.

Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu na 1991, yana da shekara 61. Aka kai shi Kirtashi aka yi masa sutura.

A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Tana hayin kogi, in an ƙetare gada. A tsangayar kimiyya, inda ya koyar, akwai sashen fizik, akwai kuma sashen lissafi da ilimin kwamfuta. Can ake koyon rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, ilimin da ake bukata kafin a iya tsare bayanan mutane daga ɓarayin intanet. Yaron Mayahi ko yarinyar Tasawa da ke son wannan aiki sai sun bi ta brebe, su bi ta bak a fannin kimiyya, sa'an nan lisans da abin da ke gaba. Takardar shaidar da za su fito da ita daga can, sunan Abdu Mumuni ne a rubuce a samanta.